Hotunan Balbela a Jikin Firji

Ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, aikin madatsar ruwan naku kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan sai godiya. Gwiwata ce dai take ta ƙorafinta in na hau matakalar bene, amma ni da ita mun saba. Direban motar kayanku ya ce zai riƙa biyowa ta nan duk sanda ya shigo gari sayayya, tunda ka ce a can waya ba ta kamawa ko mutum ya hau dutse. Shi ya sa na nemo biro. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina girki a makarantar kwana, don haka ka yi haƙuri da rubutun, kamar kaji sun bi ta kan takardar.

'Yarka Balbela tana lafiya. Har yanzu a kan 'yan yatsun ƙafa take tafiya, sunan da marigayiya uwarta ta laƙaba mata bai tashi a banza ba. Farkon tafiyarka ta sha tsayuwa a bakin ƙofa rungume da tsohon takalminka. Yanzu ta rage.

Bari in faɗa maka gaskiya. Ranar da ka kawo ta, ka tsuguna kana manna hotunan abinci a jikin firjina, a raina cewa na yi yaron nan boko ya yi masa yawa. Ni da na ciyar da ɗaruruwan 'yan makaranta, ba wanda ya taɓa nuna mini hoto kafin in zuba masa. To, na ga abin da idona. Da safe takan zo ta tsaya gaban firjin, ta ciro hoton farar shinkafa, ko na dafaffen ƙwai, ko na yogot, ta kamo hannuna, ta buɗe tafin, ta ajiye a ciki. Ba ta kallon fuskata, amma na san da ni take. Yarinya mai shekara shida da ba ta taɓa cewa ko "ruwa" ba, ga ta tana aike na kicin kamar wata shugabar makaranta. Ranar farko sai da na juya baya na share ido. Abincin nata dai shida ɗin nan ne da ka sani, shinkafa, ƙwai, ayaba, burodi, taliya da yogot, kuma yogot ne sarkinsu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Mun je wajen likitar da ka haɗa mu da ita, mai duba yara masu otizim, lalurar nan irin ta Balbela. Ta ce jinin Balbela ya yi ƙasa, nauyinta ma bai kai na sa'o'inta ba. Ta rubuta maganin ƙarin jini na ruwa, baƙi, mai ƙarnin tsatsa. Na gwada da cokali, ta datse baki ta shige ƙarƙashin tebur tana toshe kunnuwa. Na gwada da sirinjin da mai kemis ya ba ni, ta feso mini shi a zane, har yau tabon bai fita ba. Kai ka san 'yarka. Yaya ake yi da ita?

Ka ci abinci, don na san halinka in aiki ya kama ka.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na karanta ta a tsaye, na koma ɗaki na sake karantawa a zaune. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ina lafiya, sai dai rana. Tun safe muna cikin kwari da na'urar awo, ni ina leƙe, wani yana riƙe da sanda a can nesa, har idona ya fara ganin layi a jikin komai.

Na yi dariyar shugabar makaranta. Gwaggo, ban san da bakin da zan gode miki ba. Da ba ki karɓe ta ba, da aikin nan ya wuce ni, kuma kin san yadda na daɗe a zaune.

Maganar jinin ta tayar mini da hankali. Dama na lura tana saurin gajiya kafin in taho, na ɗauka rashin barci ne. Don Allah kada a yi wasa da maganin nan. Ki san dabarar da za ki yi ya shiga cikinta, ke ce uwar dabara, yaran da kika raina sun fi ƙarfin lissafi. In ta shige ƙarƙashin tebur kada a jawo ta, za ta fito da kanta.

Direba yana ta danna mini ham, wai hadari ya haɗo, yana so ya haye gada kafin ruwa. Zan rubuta mai tsawo nan gaba. Ki shafa mini kanta, in ta yarda.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ruwan bai ɓata muku aiki ba. Nan ma ana samu. Gwiwa da sauƙi.

Ka ce in san dabara, na kuwa sani. Ba a banza na yi shekaru ina sa 'yan makaranta cin ganye ba su sani ba. Da Balbela ta kawo mini hoton yogot, sai na shiga kicin na juya mata baya, na ɗiga maganin kaɗan, na juya sosai, na ƙara ɗan sukari. Launin ya ɗan sauya, amma a cikin kofinta mai ruwan ɗorawa ba a gane komai. Ta shanye tas, har da lashe cokali. Washegari ma haka. Na ce a raina, likita da sirinjinta, su zo su koyi aiki.

Daga baya na ƙara yawan maganin don ya kai yadda aka rubuta. Nan ne ta ɗan yi mini gardama. Ta kai cokali baki, ta tsaya, ta fito da shi tana dubawa. Sai ta ɗauki hoton yogot ɗin ta kara shi kusa da kofin, ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta daɗe tana haka. Daga nan ta ture kofin ta tashi.

Ban matsa mata ba. Tunda ta gano na yogot, sai na koma shinkafa, na ɗiga a ruwan dahuwa. Shinkafar ta ɗan yi duhu, ta ci loma biyu ta bari. Jiya na gwada a taliya. Yau da safe ba ta zo gaban firji ba, ayaba kawai ta ɗauka da kanta a kan tebur. Ina ganin fushin yara ne, yunwa za ta sauko da ita. Kada ka sa komai a ranka, ka yi aikinka.

Gwaggonka

*

Dogo,

Ina gaisuwa. Ban san ko wasiƙata ta baya ta same ka ba. Direbanku ya yi ɓatan dabo. Na je har shagon da yake loda muku buhuna, suka ce ruwa ya cinye gadar hanyarku, ba shiga ba fita. Zan bar wannan a wajensu, duk ranar da ya zo su ba shi. In kana lafiya, alhamdu lillahi. Mu nan ba lafiya ba.

Yarinyar nan ta daina cin abincina. Ba fushin kwana biyu ba ne kamar yadda na ce maka. Duk abin da ya fito daga tukunyata, ko ya bi ta hannuna, ba ta taɓa shi. Na daina sa maganin tuni, wallahi na daina, na dafa shinkafa fara sol na ajiye mata, ko kallo ba ta ishe ta ba. Burodi in na yanka, ba ta ci. Ruwa sai ta tara kofi a famfo da kanta. Abin da ya rage mata ayaba ce da ƙwai, su ma sai in ita ta ɓare da hannunta, bayan ta jujjuya su ta tabbata ba a huda ba. Rannan ƙwai ya tsage a tukunya, ɗan tsagu kaɗan, ta ajiye shi ta wuni da ayaba ɗaya.

Hotunan kuma ta cire su gaba ɗaya. Na shigo kicin na tarar da firji fayau. Na neme su har na gaji, sai da na zo shara na gan su a bayan kabad, ta zura su ta ƙasa. Na ciro na mayar, ta sake cirewa. Yanzu in tana jin yunwa ba ta zuwa wajena. Takan zauna a ƙasa kusa da ƙofa tana kaɗa jiki gaba da baya, tana cizon bayan hannunta. In na matso da kwano sai ta sa ƙara. Maƙwabciyata tela ta leƙo rannan tana tambaya ko dukanta nake yi. Ni, Dogo.

Mun koma asibiti. Da aka ɗora ta a sikeli, likita ta cire tabarau ta dube ni. Ta tambayi abin da ya faru, na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ce a bar maganin tukuna, a samu ta ci abinci. Ta ce in muka dawo awo na gaba nauyin ya ƙara sauka, za ta ba ta gado, a zura mata roba ta hanci a riƙa ba ta abinci ta nan. Yarinyar da ba ta yarda a taje mata kai, ita za a danne a zura wa roba. Awon a ƙarshen wata ne.

Siket ɗinta mai roba yanzu zamewa yake, sai da tela ta rage mata ƙugun. Ina tsoro. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ina lafiya. Yau aka fara haye da mutane a kwalekwale, direba ya bar motarsa a wancan ƙetaren ya kawo mini wasiƙunki biyu a haɗe. Na fara buɗe ta biyun, ban gane komai ba, sai da na karanta ta farkon. Na kasa komawa wajen aiki.

Gwaggo, ke uwa ce a wurina, ban taɓa ɗaga miki murya ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Amma me ya kai ki? Kin san tsawon lokacin da na ɗauka kafin yarinyar nan ta miƙo mini hoto na farko? Kusan shekara. Bayan rasuwar uwarta ba ta da hanyar faɗa mini komai sai kuka da buga kai a bango. Ni da kaina na ɗauki hotunan nan, a kwanonta, a kofinta. In ta taɓa hoton ƙwai, ko ina tsakiyar wanka ne, sai na fito na dafa ƙwai. In ayaba ta ƙare, na cire hoton ayaba har sai na sayo, don kada ta nema a ce babu. Ban taɓa ba ta wani abu daban da abin da ke jikin hoton ba, ko gishiri ban ƙara ba. Da haka ta yarda cewa in ta nuna abu, shi za a kawo. Ba ta da wata magana a duniya sai wannan. Da ta kara hoton kusa da kofin, tambayarki take yi. Ke kuma kika amsa mata da shinkafa.

Na je wajen manaja. Ya ce mai awo ɗaya gare su, in na tafi kafin a gama zuba harsashin ginin sai dai su ɗauko wani, kuma ba dawowa. Na ce masa zan yi tunani. Babu wani tunani. In ba ta fara ci ba kafin ƙarshen wata, zan ajiye musu na'urarsu in zo in ɗauke ta. Ba za a zura wa 'yata roba ba ina nan ina auna ƙasa.

Kada ki sake mayar da hotunan jikin firji. Ki bar su inda ta ajiye.

Dogo

*

Dogo,

Na amsa gaisuwarka, duk da a tsaye ka yi ta. Gwiwa tana nan, tunda ba ka tambaya ba.

Wasiƙarka ta farko tana gabana, na shimfiɗa ta a kan tebur. Ga abin da ka rubuta da hannunka: ki san dabarar da za ki yi ya shiga cikinta. Ban ƙara ko wasali ba. Ka ce wa tsohuwar kuku ta san dabara, me kake tsammanin za ta yi, ta yi wa maganin waƙa? Ranar da ka kawo ta ka nuna mini inda ake manna hoto, ka nuna mini kofi, ka nuna mini yadda ake cire ɓawon burodi. Wannan dogon bayanin na shekara guda da ka zubo yanzu, ina yake a ranar? A cikinka ka tafi da shi.

Ban ce ba ni da laifi ba. Tun da na karanta zancen tambayar da ta yi mini da hoton, abinci bai yi mini daɗi ba. Na ga sanda take duba kofin nan, na tsaya a kanta ina murmushi. Wannan ni da Allah.

Amma ka ce za ka zo ka ɗauke ta. Haka ake ɗauke kaya daga hannun wanda ya gaza. Ni na yi maka wankan jariri, Dogo, ni na goya ka sanda uwarka take kwance. In ka ga gidana ya zama wurin da za a ceto yaro daga cikinsa, to zo, ƙofa a buɗe take. Sai dai ka sani, ko ka ɗauke ta ba za ta ci daga hannunka ba don kawai kai ne. Rannan tela ta kawo mata burodi a leda, ba a buɗe ba, ta karɓa ta ci rabi. Da aka buɗe wata ledar a kicin aka kawo mata, ta ƙi. Ba ni kaɗai ta daina yarda da ita ba, kicin ɗin ne gaba ɗaya, da duk abin da ake yi a bayan ido.

Da na gane haka sai na daina juya mata baya. Na fito da ƙaramin risho tsakiyar falo, na ajiye shi a ƙasa inda take iya gani daga bakin ƙofarta. Na kawo sabuwar ledar shinkafa, na yanke bakin a gabanta. Na tari ruwa a famfo a kofin gilashi. Hannuwana biyu a fili, na naɗe hannun riga har gwiwar hannu kamar mai shirin dambe. Na dafa, ban rufe tukunyar ba, na zuba, na zauna na ci abina ni kaɗai. Ban ce mata ci ba. Kullum haka nake yi, safe da rana, falona duk ya zama tururi. Da farko ko juyowa ba ta yi. Shekaranjiya ta taso ta tsaya a kan tukunyar tana kallon ruwan yana tafasa, har ya tsotse. Ba ta ci ba. Ayaba da ƙwai dai, wata rana burodin leda.

Ƙarshen wata saura kaɗan. Na ɗora ta a sikelin mai kemis, allurar ba ta faɗa mini abin da nake so ba.

Gwaggonka, ko kana so ko ba ka so

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau, a durƙushe. Yaya gwiwa? Ki yafe mini.

Ban ce zan ɗauke ta don in raba ki da ita ba. Nufina in ɗauke miki nauyin, don na ga na jibga miki abin da ni kaina da ƙyar na iya. Na rubuta cikin zafin rai, na zaɓi kalma mafi muni. Kuma gaskiyarki ne, ni na ce dabara, ban kuma faɗa miki abin da ya fi komai muhimmanci ba. Na saba da shi har na manta cewa koyonsa na yi.

Abin rishon nan, ni ban taɓa tunaninsa ba. Ki ci gaba. Abu ɗaya zan ƙara. Ina ganin har yanzu tana neman inda maganin ya shiga. Ta san yana gidan, ba ta ganinsa, don haka a wurinta yana iya kasancewa a cikin komai. Ki fito da kwalbar ki ajiye a inda za ta riƙa ganinta kullum, nesa da abinci. In da hali a yi masa hotonsa shi ma, kamar sauran. Ba don ta sha ba. Don ta san shi ma abu ne mai zaman kansa, yana da wurinsa, ba ya shiga shinkafa. Ban tabbata zai yi aiki ba, Gwaggo. Da ita ban taɓa tabbata ba.

Na shirya jakata. Direba zai shigo gari ranar awon, na roƙe shi ya jira ki dawo daga asibiti kafin ya juyo. In an ba ta gado, ko takarda kada ki tsaya rubutawa, ki faɗa masa da baki, a motarsa zan taho.

Ɗanki,
Dogo

*

Ɗana,

Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Gwiwa ta gode da tambaya. Na fara rubutun nan da safe kafin mu tafi asibiti, don in hannuna ya ƙi rubutu in mun dawo, ka samu ko rabi.

Na kai kwalbar maganin shagon mai hoton fasfo na bakin titi. Na ce ɗauka za ka yi. Ya leƙa bayana yana neman mai hoton, na ce ga ta nan a hannuna. Ya ce, "Mama, kwalba?" Na ce kwalba, kuma ka sa mata farin ƙyalle a baya kamar kowa. Ya ɗora ta a kan kujerar da mutane ke zama, ya kunna fitilu, yana dariya har kyamarar tana rawa. Ya rufe mini hoton da leda, ya fito fes.

Na manna shi shi kaɗai a jikin firji, na ajiye kwalbar a saman firjin inda ido ke kaiwa, hannu ba ya kaiwa. Balbela ta gan shi ta yi turus. Ta dubi hoton, ta dubi kwalbar, kamar yadda ta yi da kofin nan. Na ce yau za ta zura shi bayan kabad. Sai ta ciro shi, ta zo, ta kamo hannuna, ta buɗe tafin, ta ajiye. Rabon da ta taɓa hannuna tun ranar taliya. Na sauko da kwalbar, na zuba a cokali a gabanta, na riƙe ban miƙa ba. Sai ta kama hannun nawa da cokalin ta tura shi bakina.

Na sha, Dogo. Wallahi abin nan ba ya shawuwa, kamar ka tsotsi tsohuwar ƙusa. Na yamutsa fuska, hawaye ya zubo. Ta tsaya tana kallon maƙogwarona har na haɗiye. Ta karɓi hoton ta mayar jikin firji da kanta. Washegari ta sake, rana ta uku ma haka. Na aika tela ta tambayo mini likita ko zai yi mini illa, ta ce ɗan kaɗan a bakin cokali ba komai, kada dai in wuce haka. Ita ba ta sha ko ɗigo ba. Shinkafar falo kuma har jiya kallo ne. Ga tela ta kira mai mota, sai mun dawo.

Mun dawo. Direbanka yana zaune a ƙasa yana jira, bari in yi sauri.

Nauyin ya sauka, amma kaɗan. Likita ta daɗe tana duban lambar. Ta jawo takardar ba da gado ta ajiye a gabanta, ta cire murfin biro. Na ce mata ta ba ni mako ɗaya. Ta ce, "Mama, da me zan riƙe?" Na ba ta labarin risho da kwalba, ta saurara, ta ce duk ta ji, amma kallon tukunya ba ya ƙara nauyi. Ta ce mu je mu zauna a waje ta gama da mai bi mana, ta yi shawara.

Muka zauna a benci. Tun safe ayaba ɗaya ce a cikin yarinyar, ta fara kaɗa jiki. Ta jawo jakata tana tonawa, na ɗauka ayaba take nema, na san kuma babu. Ashe kafin mu fito ta zaro hotunan nan daga bayan kabad ta cusa a jakar, ban gani ba. Duk ƙura. Ta baje su a kan benci, ta ɗauki na shinkafa, ta sa mini a hannu.

Dogo, a asibiti, ina zan samu risho? Na tuna abin da ka ce, ko kana wanka kake fitowa. Na miƙe na tura ƙofar likita ba sallama, na nuna mata hoton, na ce yarinya ta yi magana, zan tafi gida in dafa, in kina so ki aiko a kama ni. Ta dubi hoton, ta dubi Balbela a bayana. Ta mayar da murfin biron. Ta ce mako ɗaya.

Mai motar ya yi gudu kamar ya san abin da ake ciki. Na yanke sabuwar leda, na tari ruwa, na dafa a buɗe, tana tsaye a kaina da hoton a hannu. Na zuba a kwanonta. Ta tura mini cokalin farko, na ci, ta kalli wuyana. Sannan ta zauna. Ban ƙirga lomar ba, na ji tsoron in na ƙirga za ta daina. Ta bar kaɗan a gefen kwano.

Ka kwance jakarka, ka yi musu awonsu. Ban ce mun haye ba, sati mai zuwa akwai sikeli, maganin kuma har yanzu ni nake shan abina.

Yanzu da na leƙa kicin na ga ta mayar da hotunan jikin firji. Biyar, da na kwalba. Na duba benci a raina, na duba jaka, na sa tsintsiya a bayan kabad. Na yogot yana can, shi kaɗai ta bari. Abin da ta fi so a duniya ke nan, kuma kalmominta dama shida ne. Ban ciro shi ba.

Gwaggonka